Wa'adin kwana bakwai: ina ɗinkin ya karkace tsakanin CEDEAO da Nijar?

Ƴan'uwana ɗalibai, akwai maganar da yawancinmu muka yanke wa hukunci tun ba a buɗe ta ba. In ka ambaci CEDEAO a fada, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, kafin ka rufe baki wani ya ce ƴan amshin shatan Faransa ne, shi ke nan a zuba shayi na biyu. In kuma ka faɗa hannun ɗan ɗaya ɓangaren, wanda yanzu ba ya ɗaga murya sosai, zai ce maka sojoji ne suka toshe kunne, nan ma magana ta mutu. Ni ba wannan gardamar na zo sabuntawa ba. Shiga tsakani sana'a ce kamar ɗinki, kuma ana iya ɗaga riga a duba inda ta karkace, ko kana son telan ko ba ka son shi. Ina so mu ɗaga aikin diflomasiyyar da aka yi a kan ƙasarmu daga Yulin 2023 zuwa Janairun 2025, mu auna shi da ma'aunin da masu aikin suka kafa da bakinsu.

Sun ce za su maido da Mohamed Bazum kan kujerarsa, su maido da tsarin mulki, su hana juyin mulki ya ci gaba da yaɗuwa a Afirka ta Yamma. Har ranar da nake wannan rubutu Bazum yana tsare, shi da matarsa Hadiza. Tsarin mulkin 2010 ya tafi. Ƙungiyar da take da ƙasa 15 ta koma 12. Ko a lise, wanda ya ci sifili a tambaya uku ba ya cewa laifin biro ne.

Ranar 26 ga Yuli dogarawan fadar shugaban ƙasa suka tsare Bazum. Ranar 28 Janar Abdurahman Tiani ya bayyana a matsayin shugaban CNSP. Ranar 30, kwana huɗu kacal da faruwar abin, shugabannin CEDEAO suka zauna a Abuja suka zazzage duk abin da ke cikin jakarsu a zama guda: rufe iyakoki ta ƙasa da ta sama, dakatar da ciniki da hada-hadar kuɗi, ƙulle dukiyar gwamnati a bankuna, sannan wa'adin kwana bakwai, in ba a maido da Bazum ba ana iya amfani da ƙarfin soja. Duk wanda ya taɓa rakiyar mahaifiyarsa cinikin akuya ya san ba a fara tayi da kuɗin ƙarshe. In ka faɗi iyakarka tun a kalmar farko, me za ka ƙara gobe in mai akuya ya ce albarka? CEDEAO ta fara da iyakarta. Bayan 30 ga Yuli abin da ya rage mata biyu ne, ko yaƙi ko ja da baya, kuma kowa yana kallo.

Sannan ku sa kanku a takalmin wanda aka ba wa'adin, ko da ba ku son shi. Soja ya tsare shugaban ƙasa, ya fito talabijin, sauran rundunoni sun bi shi. An ce mishi cikin mako guda ya maido da mulki. To in ya maido, ina zai kwana? Takardar Abuja ba ta ce komai a kan wannan ba. Ba ta buɗe mishi ko taga ba, balle ƙofa. Mutumin da ya san kaso ne ke jiran shi in ya sauka, ai gara mishi ya zauna a sama ya ga abin da zai faru.

Na san abin da ke ran shugabannin: Gambiya. A Janairun 2017 an tsoratar da Yahya Jammeh da sojoji, ya tafi. Amma Jammeh ya riga ya faɗi zaɓe a gaban duniya, ƙasarsa ƴar siririya ce a cikin cikin Senegal, kuma duk da haka sai da Alfa Konde na Gine da Muhammad Uld Abdul'aziz na Muritaniya suka zauna da shi suka lallaɓa, aka ba shi jirgi da mafaka a Ikwatoriyal Gine. Barazanar ta yi aiki ne don an haɗa ta da hanyar fita. Nijar kuwa faɗinta ya zarce murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kuma washegarin taron Abuja Mali da Burkina suka ce duk wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. A ƙara da cewa Bola Tinubu, wanda ya jagoranci zaman, wata biyu ke nan da hawansa mulki, mako uku da karɓar shugabancin CEDEAO, ko ministocinsa bai rantsar ba tukuna. Sabon direba ne aka ba babbar mota a kan gangara.

Barazanar ma ba ta da ƙafa. Iyakarmu da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500, jihohi bakwai ne suke jingine da mu, daga Kebbi har Borno. Wa za ka tura ya harbi wa? Ɗan Jibiya ya harbi ɗan Ɗan Isa, wanda wataƙila surukinsa ne? Ɗan Illela ya shiga Ƙonni da bindiga, garin da yake zuwa cin kasuwa? Ranar 5 ga Agusta majalisar dattawan Najeriya ta nuna ba ta tare da yaƙi, ta ce a bi hanyar siyasa. Ranar 6 wa'adi ya cika, ba abin da ya faru sai cikar filin wasa na Seyni Kunce da dubban mutane masu goyon bayan sojoji. Ranar 10 aka sake zama a Abuja aka ce a ɗaura wa rundunar ko-ta-kwana ɗamara. Bayan mako guda hafsoshi suka taru a Akara aka ce har an tsaida rana. Ranar ba ta zo ba. Kowace sanarwa da ba a cika ba, ƙarin jama'a ce a titunan Yamai. Wallahi na san matasa da yawa waɗanda a makon farko ba su da ra'ayi a kan juyin mulkin, wasu ma ba sa so, amma da aka ce za a kawo yaƙi garinsu sai suka san inda suka tsaya. Goyon bayan da CNSP ta samu a watan Agusta, kaso mai tsoka CEDEAO ce ta kai mata shi har gida.

Takunkumin shi ne inda na fi jin zafi, don a nan ne kalmar haƙƙin ɗan Adam ta kunyata a bakin masu faɗinta. A Janairun 2022, da aka ƙaƙaba wa Mali takunkumi, an keɓe abinci da magunguna da man fetur da wutar lantarki, an ce waɗannan su wuce. Mu ba a yi mana wannan sassauci ba. Najeriya ta yanke wuta, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da muke amfani da shi daga can yake zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Manyan motoci suka yi layi a Malanbil da kayan da suka taso daga tashar Kwatano, har da magani da kayan agaji. Daga baya sai dai a sauke kaya a Lome, a ratso Burkina ta wajen Dori da rakiyar sojoji a shigo ta Tera, kuma duk kuɗin wannan zagaye a kan buhun shinkafa yake sauka. A Oktoba gwamnati ta zabtare kasafin kuɗinta da kusan kashi 40 cikin 100. Ku faɗa mini, cikin janar-janar wa ya kwana a duhu? Mai walda ne ya kwana a duhu, da mai niƙa, da mai sayar da ƙanƙara, da mai ciwon suga da ke yawo farmasi zuwa farmasi. Ƴan kasuwar Jibiya da Maigatari ma, can ɗaya gefen, sun ɗanɗana.

Dabarar da ke ƙarƙashin irin wannan takunkumi ba ɓoyayya ba ce: a matsa wa talaka har ya juya wa masu mulki baya. Bayan rashin imanin da ke cikinta, ba ta ma aiki. An gwada a Mali, mutane suka cika Bamako suna zagin CEDEAO, a Yulin 2022 aka janye. Darasin bai fi shekara ɗaya da ƴan kwanaki ba a lokacin da aka maimaita shi a kanmu, har da ƙari.

Sai ƴan aike. Ranar 3 ga Agusta aka turo tsohon shugaban Najeriya Janar Abdussalami Abubakar tare da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. Ba su ga Tiani ba, ba su ga Bazum ba, suka juya. Ranar 7 Biktoriya Nulan ta Amurka ta zo, aka haɗa ta da Janar Musa Salau Barmu, ita ma ba ta ga manyan biyu ba. Kashegari aka ce wa tawagar haɗin gwiwa ta CEDEAO da Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya kada ma ta taso. Amma ranar 9 Muhammadu Sanusi na biyu, wanda a lokacin ba ya kan gadon Kano, ya shigo tare da Sarkin Damagaram, ya zauna da Tiani. Ranar 12 malaman Najeriya ƙarƙashin Shaihu Abdullahi Bala Lau suka samu zama na sa'o'i da shi, suka koma suka ba da labarin cewa babban ƙorafinsa shi ne an ba su wa'adi ba tare da an saurare su ba, har ya nemi afuwa a kan yadda aka karɓi tawagar farko. Mako guda bayan haka Abdussalami ya dawo, ya ga Tiani, ya ga Bazum.

Mutane da yawa sun karanta wannan a matsayin nasarar rawani a kan kwat. Ni ban tsaya nan ba. Sarkin Musulmi ma ai rawani gare shi, kuma babu wanda ya fi nashi girma a ƙasar Hausa, amma an juyo da shi. Bambancin shi ne abin da aka ɗora wa kowa. Shi an naɗe wa'adi a cikin rawaninsa aka aike shi, kwana uku kafin cikar wa'adin. Wannan rashin sanin darajar mutum ne daga masu aiken, kuma rashin kunya ne daga waɗanda suka ƙi tarbarsa. Sanusi da malamai kuwa sun zo hannu sake, shi ya sa aka buɗe musu. Sai dai hannu saken nan shi ne kuma rauninsu. Ba su da ikon cewa gobe za a maido da wuta in kun saki mutum. Waɗanda ake saurara ba su da abin bayarwa, masu abin bayarwa kuma ba a sauraren su, kuma ba a samu wanda ya ɗinke biyun ba.

Ga wani lissafi da nake so ku riƙe. Daren 19 ga Agusta Tiani ya ce riƙon ƙwarya ba zai wuce shekara uku ba. CEDEAO ta yi fatali da shi nan take. A ƙarshen watan Aljeriya ta kawo shawarar wata shida, ita ma ta shiririce. Tsakanin wata shida da shekara uku akwai fili mai faɗi na ciniki, inda za a iya saka sakin Bazum da ranar zaɓe da buɗe iyaka, kowanne a madadin wani. Ba a shiga filin ba, don a lokacin Abuja ba ta yarda ma akwai sabuwar gwamnati a Yamai ba. Sai a taron Disamba ta amince cewa lallai an yi juyin mulki, ta naɗa shugabannin Togo da Saliyo da Benin su yi magana da sojoji. Ranar 25 ga Janairun 2024 aka shirya zama a Yamai, tawagar CEDEAO ba ta iso ba, wai jirginsu ya samu matsala a Abuja, ministan harkokin wajen Togo kaɗai ya zo. Kwana uku bayan haka Nijar da Mali da Burkina suka ce sun fita daga ƙungiyar. A Maris 2025 aka rantsar da Tiani na shekara biyar, a fara ƙirga daga ranar. An ƙi uku, an samu biyar da ɗoriya.

Ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, aka ce don jinƙai ne da gabatowar azumi. Wata bakwai ana gasa mutane, aka sauke tukunyar ba tare da an karɓi ko allura ba. Wanda ya roƙi a janye shi ne Yakubu Gawon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar a Legas a 1975. Dattijon ya san Yamai ta wata fuska da mu yaran yanzu ba a koya mana sosai. A Yulin 1968, ana tsakiyar yaƙin Biyafara, a nan Diori Hamani ya karɓi kwamitin sulhu na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, Gawon ya zo, Ojukwu ma ya zo. Zaman bai tsaida yaƙin ba, sai 1970 ya ƙare. Amma garin da ya taɓa zama zauren sulhu ga Najeriya, shi ne aka wayi gari Najeriya tana yanke wa wuta.

Akwai kuma tsohon ciwo da ya sa maganar CEDEAO ba ta da nauyi a kunnen matasa. A 2020 Alfa Konde ya canza tsarin mulki ya yi tazarce, Alasan Watara ma ya shiga wa'adi na uku, mutane suka mutu a titunan Konakiri da Abijan, ba a rufe wa kowa iyaka ba. Yarjejeniyar dimokuraɗiyya ta 2001 tana da haƙora in soja ne ya yi laifi, in farar hula ne sai ta zama dasashi. Mai shiga tsakani da aka taɓa gani yana kau da kai, ko gaskiya ya faɗa sai an ce da wata a ƙasa.

To, yanzu in juyo gida, don na san har nan da yawanku kuna gyaɗa kai, kuma ba don a gyaɗa mini kai na ɗauki biro ba.

Ku tuna Hadijatu Mani. Ƴar jihar Tawa ce, an sayar da ita tana da shekara 12 a kan jaka 240, ta zama wahaya a gidan wani mutum kusan shekara goma. Da ta samu ƴanci ta auri wanda take so, kotun ƙasarmu ta yanke mata ɗauri, wai ta yi aure kan aure. Ƙungiyar Timidriya da lauyoyi suka kai ƙarar gwamnatin Nijar gaban kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ta ce ƙasa ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10, kuma gwamnati ta biya. Wannan kotu tana da wata siffa da ba kasafai ake samu ba: talaka yana iya kai ƙarar gwamnatinsa kai tsaye, ba sai ya gama zagaye kotunan gida ba. Ita ma ɗiyar diflomasiyya ce, wasu ne suka zauna shekara da shekaru suka yi ciniki a kan kowane layi har gwamnatoci suka yarda a yi musu shari'a. Ranar da muka fita daga CEDEAO muna tafi, da Tinubu da takunkuminsa muka rabu, amma har da wannan ƙofar muka rufe. Hadijatun gobe, in alƙalin garinsu ya juya mata baya, ina za ta?

Kotun nan dai ita ce ta ce a saki Bazum ranar 15 ga Disamban 2023, ba a saurare ta ba. A Yunin 2024 aka cire mishi rigar kariya. Kana iya ƙin mulkinsa, ni ma ina da abin faɗi a kai, amma mutum ko dai a gurfanar da shi ya kare kansa ko a sake shi, haka muka karanta a aji, haka kuma addini ya ce. A Disamban 2024 aka kama Musa Cangari na Alternative, mutumin da gwamnatocin farar hula ma suka sha tsarewa, wanda ya daɗe yana sukar zaman sojojin waje a ƙasar nan tun kafin abin ya zama yayi. A da, in irin haka ta faru, akwai maƙwabcin da zai ɗaga waya, akwai taron da za a ji kunyar shiga. Yanzu duk wanda ya yi magana daga waje an riga an san sunan da za a kira shi. Cikin dukan watannin nan, mutum guda da aka fitar daga tsare ta hanyar shiga tsakani shi ne Salem, ɗan Bazum, a Janairun 2024, kuma Togo ce ta yi aikin, a hankali, ba wa'adi ba taron manema labarai. Abin da ake samu ke nan in an bar hanya ɗaya a buɗe.

Dubi kuma gadar Gaya. CEDEAO ta janye takunkumi, Benin ta buɗe nata gefen, mu muka bar namu a rufe bisa zargin cewa akwai sansanonin da ake shirya mana sharri a can. Rigimar ta kai ga bututun man da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, sai da Sin ta shiga tsakani, sai da tsoffin shugabannin Benin biyu, Soglo da Boni Yayi, suka tako har Yamai a Yunin 2024. Mutanen Gaya da Malanbil kuwa suna ta ƙetare kogi da kwale-kwale, suna biyan ninki. Da wannan Benin ɗin muka yi shekara arba'in muna jayayya a kan tsibirin Lete, muka amince tare muka kai maganar kotun duniya ta Heg, a Yulin 2005 aka ba Nijar tsibirin, Benin ta karɓa. Haka rikicin tawayen arewa: zaman da Aljeriya da Burkina da Faransa suka shiga tsakani ne ya haifi yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, ranar da har yau muke hutu saboda ita. Ba ta warkar da komai duka ba, tawaye ya dawo a 2007, amma ƙasar nan ta san zama da wanda ba ta so, ta kuma ci ribarsa. Ƙin magana da maƙwabci ba gadonmu ba ne, kada wani ya sayar mana da shi da sunan kishin ƙasa.

Ranar 29 ga Janairun 2025 fitarmu ta tabbata. A ranar CEDEAO ta fitar da sanarwa cewa fasfo da katin shaida masu tambarinta za su ci gaba da aiki, ƴan ƙasashen uku su ci gaba da shiga da fita da zama ba biza, kaya su ci gaba da wucewa, har sai an sake sanarwa. Ku lura da kalmomin ƙarshen. Ɗan cirani da ke Legas ko Abijan ko Akara, da ɗalibinmu da ke karatu a Sakkwato ko Zariya, da mai kai albasa Kumasi, abin da yake haƙƙinsu a rubuce tun yarjejeniyar 1979 yanzu ya rataya a kan takarda guda da za a iya janyewa a taro ɗaya. Wakilan AES da na CEDEAO za su zauna a kan wannan, sun ma fara. Wanda duk zai zauna a madadinmu, ina so a tambaye shi tun kafin ya hau jirgi: me ya tafi da shi na bayarwa, me zai karɓo wa ɗan cirani, kuma wace kotu ce talaka zai kai ƙarar gwamnati in ta zalunce shi.